Dinya Ta Ɗari Uku

A garin Ekebo ba a tambayar Folke Brandin labarin tsuntsaye, don ba ya jira a tambaye shi. A layin kantin magani zai gaya maka yana gane tsuntsu daga inuwarsa. A bakin coci zai ce ya taɓa bambance mujiya mace da namiji daga tari kawai. Ranar jana'izar surukinsa ma, fasto yana tsakiyar addu'a, Folke ya ɗaga yatsa sama ya ce, "Shaho ne, ɗan shekara biyu." Kuma duk inda hira ta faro, wuri ɗaya take ƙarewa: iri ɗari biyu da casa'in da tara ya gani da idonsa a ƙasar Sweden, saura ɗaya tal.

Wannan ɗayan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Marigayi Elof, wanda ya kafa ƙungiyar masu kallon tsuntsaye ta garin, ya bar wata koriyar hular ulu mai gashin gauraka a gefe, da wasiyyar a ɗora ta a kan ɗan ƙungiyar da ya fara cika ɗari uku. Shekara ashirin da biyu hular nan tana zaune cikin akwatin gilashi a ɗakin taro. Folke ya faki idon mutane ya gwada ta har sau biyu. Ta ɗan matse shi, shi ya sa tun bara yake aske kansa ƙwal.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne Majken. Tsohuwar mai raba wasiƙu ce, 'yar siririya, ba ta cika magana ba, madubin hangen nesanta ma da salatif aka ɗaure shi. Ita ma ɗari biyu da casa'in da tara gare ta. A gaskiya bara ta cika ɗari uku da wata baƙuwar agwagwa da ta gani a tafki. Sai dai Folke ne shugaban kwamitin tantancewa, kuma mutum ne da ya yi shekara talatin yana kayar da masu neman lasin tuƙi kafin ya yi ritaya. Ya bi diddigi har ya gano agwagwar ta matsa kusa da wani mai kamun kifi. Sai ya miƙe a taro ya karanto Doka ta Bakwai, wadda shi ya rubuta ta da hannunsa:

"Duk tsuntsun da ya matso ɗan Adam ƙasa da taku goma, ko ya karɓi abinci a hannu, ko aka ga zoben roba irin na masu kiwo a ƙafarsa, ba tsuntsun daji ba ne. Kaza ce. Ba a lissafa kaza."

Majken ta ce, "To, shi ke nan, Folke." Ta ciro abin goge fensir ta goge agwagwarta a gaban kowa.

Da watan Oktoba ya kama, lokacin da tsuntsayen arewa ke gangarowa kudu, Folke ya sanar cewa zai zaga gandun dajin ƙasa guda uku cikin mako ɗaya. Ya dubi sakataren ƙungiya ya ce, "Sixten, ka goge gilashin nan, ka nemo makulli. Kafin Lahadi za a buƙace shi."

Ya ɗauki matarsa Gunvor a motarsu mai ɗaki, ita da kwandon saƙarta. Gunvor ba ta san wani tsuntsu ba sai wanda aka gasa. Ta bi shi ne kawai don in ba ta bi shi ba zai manta da maganin hawan jini.

A gandu na farko ba abin da suka gani sai ruwan sama. A na biyu suka tarar da wasu Jamusawa sun yi awa biyu a laɓe suna jiran wani maƙwaƙwafi, tsuntsu mai sassaƙar itace da baki, irin da ba a cika gani ba, wanda shi ma Folke bai taɓa sa shi a ido ba. Ya tsaya a gabansu yana koya musu yadda ake yin shiru a daji, da muryar da ake ji daga ƙetaren kogi. Tsuntsun ya tashi ta bayan ƙeyarsa. Jamusawa suka gani, Folke bai gani ba.

"Ɗan mitsitsin tsuntsu ne," ya ce wa Gunvor a mota. "Bai dace da ɗari uku ba."

Ran Asabar da safe suka isa gandu na uku, mai babbar fadama, tafiyar awa ɗaya daga Ekebo. Akwai hasumiyar katako ta masu kallo, da wata doguwar gadar katako da ta ratsa fadamar. Dubban dinyoyi masu farar fuska sun rufe ciyawa suna kiwo. Folke ya bi gadar har tsakiya, ya kafa babban madubinsa mai ƙafa uku, ya fara bin garken ɗaya bayan ɗaya. Can sai ya daskare.

A gefen garken, ita kaɗai, ga wata 'yar ƙaramar dinya, wuyanta da ƙirjinta ja wur, da farin zane a kumatu kamar an yi mata kwalliya.

"Gunvor," ya ce. "Dinya mai jan wuya. Daga Siberiya. Kin san kilomita nawa ke nan?"

"A'a," in ji Gunvor, tana ƙirga ƙullin safa.

Mai hankali zai sake dubawa. Folke kuwa waya ya zaro, ya aika saƙo ga ƙungiya da duk masu kallon tsuntsu na kudancin ƙasar: "Dinya mai jan wuya, ta daji tsantsa. Ni Folke Brandin na gano ta. Sixten, a zo da hula." Da yake al'ada ce duk wanda ya ga sabon iri ya ciyar da waɗanda ke wurin burodin kirfa, sai ya nemo lambar gidan burodin ƙauyen da ke kusa, ya ce a kawo guda sittin gindin hasumiya ƙarfe sha ɗaya daidai. Sannan ya buɗe jaka ya ciro nasa burodin na murnar cika ɗari uku, wanda Gunvor ke sabunta masa kowace tafiya shekara biyu ke nan, ya gatsa, idonsa cike da ƙwalla.

Dinyar ta ɗaga kai. Ta shaƙi iska. Ta juyo.

"Folke," in ji Gunvor, "tana zuwa."

"Iska ce ke turo ta."

"Da ƙafa take tahowa."

"Ki daina motsi! Tsuntsun nan bai taɓa ganin mutum ba."

"To ta fara gudu."

Dinyar nan ta hau gadar katako da tsalle ɗaya, ta taho tana rangaji ɓat-ɓat-ɓat kamar wadda aka kira sunanta. Folke ya rufe ido.

"Taku nawa ya rage?"

"Ai ta taka maka takalmi."

Kafin ya buɗe ido ta miƙa wuya ta fizge rabin burodin daga hannunsa. Da ya duba ƙasa, sai ga zoben roba, rawaya shar, a ƙafarta ta hagu. Tirƙashi! Doka ta Bakwai gaba ɗayanta tsaye a kan takalminsa tana tauna.

"Ba ki ga komai ba," in ji Folke.

"Na ga kaza," in ji Gunvor.

Ya zaro waya don ya janye saƙon, ya tarar amsa arba'in da uku sun riga sun shigo. Sixten ya tashi daga kujerar likitan haƙori da auduga a baki. Wani ya baro bikin sunan jikansa. Wasu mutum huɗu sun taso daga bakin teku a mota ɗaya. Ƙasa-ƙasa kuma ga saƙon Majken: "Barka, Folke. Ina tafe."

Wannan saƙon ne ya ƙone shi. A ce ya tsaya gaban matar nan ya goge tasa da kansa? Ina!

"Zoben ne matsala," ya ce. "In ƙafarta tana cikin laka, wa zai gani? Daga hasumiya za su kalle ta, taku ɗari uku. Su ɗauki hoto, a sa min hula, kowa ya kama gabansa."

"Folke, ka sha maganinka?"

Ya marmashe sauran burodin ya zuba a aljihun rigarsa, ya sauka daga gadar yana kiranta da tsotsar leɓe. Taku na farko lafiya. Taku na biyu fadama ta haɗiye shi har cinya. Dinyar tana tsaye a kan busasshen katako, ta karkata kai tana kallonsa. Ya yi kokawa ya zaro ƙafa, takalmin roba na dama ya ce shi ya samu wurin zama. A ƙarshe sai da ya rungumo ta. Ko motsi ba ta yi ba, har da kwantar da kai a kafaɗarsa. Ya kai ta can gefen garke ya dasa ta cikin laka kamar mai dashen albasa, ya watsa mata marmashi, ya rarrafo ya dawo.

Ƙarfe goma da rabi wurin ajiye motoci ya cika. Mutum sun haura saba'in, kowa da madubinsa a kafaɗa. Sixten ya iso rungume da akwatin gilashi, kumatu ɗaya a kumbure. Folke ya tare su a gindin hasumiya, ƙafar hagu cikin takalmi, ta dama cikin safar da Gunvor ba ta gama saƙawa ba, zare yana binsa a baya.

"Kowa ya hau sama! Kada wanda ya taka gadar nan. Tsuntsu ne mai tsananin tsoro. Awa biyu na yi ina jan ciki kafin in gan ta da kyau, ku dubi jikina."

Aka hau, aka saita madubai. Wuri ya yi tsit, sai ajiyar zuciya. Mutumin da ya baro bikin suna ya ce ko yanzu ya mutu ya gode. Folke ya harɗe hannu a baya yana kai da kawo, yana bayanin yadda irin wannan dinya ke tashi in ta hango mutum daga kilomita guda.

Majken ba ta ɗago daga madubinta ba ta ce, "Folke, me ya sa take kallon nan?"

"Tana gadi ne. A ƙasarsu kyarkeci ya yi yawa."

"Kai take kallo."

"Ni ne mafi tsawo."

Marmashi ya ƙare. Dinyar ta zaro ƙafafunta daga laka, baƙi ƙirin har gwiwa, ta hau gada, ta miƙo hanyar hasumiya.

"Tana matsowa!" wani ya raɗa. "Kai, yau mun yi sa'a!"

Zufa ta karyo wa Folke duk da sanyin nan. Ya ce bari ya sauka ya duba ko wani kare ne ya koro ta. Dabararsa ya zagaya ta bayan hasumiya ya ɓace mata. Yana sauka tana isowa. Ya yi dama, ta yi dama. Ya ƙara sauri, ta buɗe fukafukai ta ƙara. Sau uku suka zaga hasumiya, mutum saba'in sun leƙo daga sama, madubai duk sun koma kallon ƙasa.

"Ku ja da baya!" Folke ya yi ihu yana haki. "Hari take kawowa! Haka suke yi wa dila a Siberiya!"

Ya tsaya don numfashi ya ƙare masa. Ita ma ta tsaya. Ta miƙa wuya a hankali ta zura kanta gaba ɗaya cikin aljihun rigarsa.

Sixten ya cire audugar bakinsa ya ce, "Shugaba, wannan taku nawa ke nan?"

"Ba a auna hari da taku!"

"Ni dai ban san yadda ake auna taku daga cikin aljihu ba," in ji Majken. "Amma kai ka rubuta dokar, kai za ka fi mu sani."

Aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Nan Folke ya yanke shawarar da ta fi duk na baya muni. Ya ce a ransa in ta tashi sama a gaban kowa, magana ta ƙare, tsuntsun daji ce. Ya tuɓe rigar, ya kaɗa ta sama, ya buga tafi, ya kurma wani ihu da ko a gidan mahaukata sai an leƙo.

Fadama ta ɗauka. Dinyoyi dubu biyar suka tashi lokaci guda, ƙara kamar jirgin ƙasa, suka bi ta kan hasumiya, suka bar wa jama'a tsaraba a huluna da madubai. Gauraki suka bi su. Agwagi suka bi gauraki. Cikin minti ɗaya duk faɗin fadamar nan babu ko gashin tsuntsu.

Sai guda ɗaya. Tana tsaye a kan rigar Folke tana binciken ɗaya aljihun.

A wurin masu kallon tsuntsu, gara ka zagi uwar mutum da ka tayar masa da garke. Ɗaya daga cikin mutanen bakin teku ya fara saukowa yana goge gilashinsa da hula.

"Kai, dattijo! Kilomita ɗari da hamsin muka yi!"

"Ni jikana aka sa wa suna ba na nan!"

"Wa ya ba wannan shugabanci?"

Folke ya duba hagu, ya duba dama, ya hango ban-ɗakin gandu, ɗan jan ɗakin katako mai huda siffar zuciya a ƙofa. Ya ce, "Ina zuwa," ya ruga da takalmi ɗaya, ya faɗa ciki ya ja sakata. Dinyar ta bi zaren safa har bakin ƙofa, ta zauna, ta fara ƙwanƙwasawa da baki.

Daidai nan wata farar mota ta tsaya. Wata mata mai jiki ta fito, ɗaure da ƙyallen aiki duk garin fulawa, ɗauke da faranti biyu. Berit ce, mai gidan burodin ƙauye.

"Wa ya ce a kawo burodin kirfa sittin?"

Ƙamshi ya bugi wurin. Dinyar ta bar ƙofa, ta saki wani kuka, ta kwasa da gudu. Berit ta dire farantai a kan benci ta riƙe ƙugu.

"Doris! 'Yar banza, nan kika zo? Kwana biyu ina nemanki, har cikin rijiya na leƙa!"

Sixten ya matso a hankali. "Baiwar Allah, kin san tsuntsun nan?"

"Na san ta? Marigayi mijina ne ya sayo ta wurin wani mai kiwo tun tana ƙwai. A bayan tanda take kwana. Ba ta cin komai sai gefen burodi, ko ciyawa ba ta iya ci da kyau ba."

"An ce mana daga Siberiya take."

"Siberiya? Doris? Ko tashar mota ba ta taɓa zuwa ba. Wa ya shafa mata laka haka?"

Ta ɗaga ta, ta goge ƙafar da ƙyallenta. Zobe ya fito rawaya shar, da rubutu a jiki. Sixten ya sa tabarau ya karanto da ƙarfi. Lambar wayar gidan burodi ce, wadda Folke ya kira da bakinsa da safe.

Dariyar da aka yi sai da hasumiya ta girgiza. Mutumin bikin suna ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Daga cikin ban-ɗaki ba a ji komai ba sai ƙarar sakata ana ƙara tura ta.

Majken ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ita sama take kallo, can inda garken ya bi. Ta ɗaga tsohon madubinta mai salatif, ta daɗe, sannan ta ce a hankali, "Sixten, dubi saman itatuwan can."

Wata babbar gaggafa ce, baƙa, ta biyo hayaniyar garken tana shawagi. Da ta karkata, rana ta haska fararen ɗigo jere a bayan fukafukanta. Dariya ta ɗauke ɗif. Madubai saba'in suka juya sama lokaci guda.

"Gaggafa mai ɗigo," wani ya ce, kamar mai addu'a.

Babu ɗan Ekebo da ya taɓa ganinta, har marigayi Elof. Majken ta kalle ta son ranta, sannan ta yi abin da ba kowa zai yi ba. Ta sauke madubi ta tafi ta buga ƙofar ban-ɗaki.

"Folke, fito. Gaggafa mai ɗigo ce, tana kanmu."

"Hehe," in ji ƙofa.

"Ba wasa nake ba. Fito ka gani, mu cika tare. Mu raba hular, kai da sanyi, ni da bazara."

"Ni za ki yi wa wayo, Majken? In fito ku ɗauke ni hoto? Shekara talatin ina kama masu dabara."

"Folke, tana juyawa."

"Gaggafa mai ɗigo ba ta bin wannan fadamar. Iskar yau ma daga yamma take. Shirwa kuka gani, ku je ku buɗe littafi, shafi na casa'in da huɗu."

Gunvor ta ajiye saƙa ta zo. Wani ya ba ta aron madubi, ta duba, ta ce, "Kai! Folke, ƙatuwa ce, da ɗige-ɗige kamar an yayyafa mata madara. Fito mana!"

"Har da ke?"

"Shekara arba'in da ɗaya, na taɓa yi maka ƙarya?"

"Kin ce miyar kifina tana da daɗi."

"Wannan daban!"

Folke ya matso jikin ƙofa. Ya kasa kunne yana jiran dariya, bai ji ba. Abin da ya ji shi ne ƙarar na'urorin ɗaukar hoto kamar ruwa a kan kwano, da wani ƙato yana shessheƙa. Folke ya san wannan shirun. Ba a iya ƙirƙirarsa. Ya manna ido a hudar ƙofa, bai ga komai ba sai motar burodi. Ya kama sakata ya ja. Ashe garin tura ta da ƙarfi ta cije.

"Ku buɗe! Ku buɗe min!"

"Daga ciki take, Shugaba," in ji Sixten, bai ko waiwayo ba.

"Tana ina yanzu?"

"Ta yi sama."

"Yanzu fa?"

"Ta nufi itatuwa."

Ya ja da baya iya faɗin ɗakin, wanda bai wuce taku ɗaya ba, ya banki ƙofa da kafaɗa. Ta buɗe. Doris kuwa ta zame daga hannun Berit ta dawo bakin ƙofa tana jiran mutuminta. Folke ya yi tuntuɓe da ita ya kife rub da ciki. Ya miƙe, ya lalubi ƙirji, ashe madubinsa yana rataye a ƙusa cikin ban-ɗaki. Ya fizgi na wani ya ɗaga sama.

Sama fes. Sai itatuwa, da ɗan gajimare guda.

Jama'a suka sauke madubai, aka fara rungumar juna. Folke ya gyara murya.

"Na ga wutsiyarta."

"Wane launi?" in ji Majken.

"Launin... wutsiya."

"Shugaba," in ji Sixten, "lokacin da ta shige kana ƙasa, hancinka cikin ciyawa. Kuma Doka ta Huɗu ta ce sai da shaidu biyu. Ita ma kai ka rubuta."

Folke ya duba ko'ina yana neman shaida. Ba wanda ya haɗa ido da shi sai Doris.

Nan gindin hasumiya Sixten ya buɗe akwatin gilashi. Hular Elof ta zauna a kan Majken daram kamar don ita aka ɗinka. Ta ciro littafinta, ta rubuta gaggafar a daidai layin da ta goge agwagwa bara, inda takardar ta ɗan yi laushi. Ta share ido da bayan hannu. Aka buɗe filas-filas na gahawa, aka rarraba burodin nan sittin, har mutanen bakin teku suka huce.

Majken ta ɗauko guda ta kawo wa Folke, yana zaune a ƙarshen benci da safa ɗaya ta warware har idon sawu.

"Ci, Folke. Al'ada ce. Kuma na gode. Da ba ka tayar da garken nan ba, da ba ta biyo ta nan ba."

Folke ya ɗan ɗago. "Ai da gangan na yi. Tsohuwar dabara ce, a Siberiya..."

Doris ta fizge burodin.

Da za su tafi sai da Berit ta riƙe ta da hannu biyu, tana ta miƙa wuya wajen motar tana kuka. Berit ta ce in yana so ya riƙa zuwa ranar Lahadi yana gaishe ta, tun rasuwar mijinta ba ta ga Doris ta shaƙu da wani namiji haka ba.

Sun kama hanyar gida, har sun yi tafiyar kilomita ashirin. Folke yana tuƙi da ƙafa ɗaya cikin leda, kansa da ya aske don hula yana ta shan sanyi. Can Gunvor ta ciro fensir daga kwandonta, ta juya bayan takardar saƙa.

"Folke, me kuka ce sunanta?"

"Wa?"

"Ƙatuwar nan mai ɗige-ɗige."

Folke ya zuba wa hanya ido. "Gaggafa mai ɗigo. Me za ki yi da shi?"

Ta rubuta a hankali, ta sa lamba a gefe, ta ja layi a ƙasa.

"Ni ma na fara lissafi," ta ce. "Ɗaya ke nan. In ka so, da mun isa gida sai in gaya maka yadda take."